Telan da Ya Auna Kansa a Talabijin

"Ni da kuke gani, tunda na fara riƙe almakashi ban taɓa yanka yadi na yi da-na-sani ba. Ido kawai nake ɗora wa mutum in san ƙugunsa. Tef ɗin nan da ke wuyana ado ne kawai!"

Mai wannan magana tela ne, amma kada ka kuskura ka kira shi tela a gabansa. Injiniyan Yadi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa a allon shago da jan fenti. Mutanen layi suka gaji da tsawon sunan, suka gutsure shi ya koma Injiniya. Ɗinki kam ya iya, wannan ba mai ƙwace masa. Matsalar ita ce bakinsa ya fi kekensa gudu, tumbinsa kuma ya fi su duka biyun ci gaba. In ya zauna zai yi aiki, tumbin ne ke fara gaisawa da keke kafin hannu ya iso.

Ran nan kirarin ya zo da ƙari, kuma da dalili. 'Yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Malama har shi uban, ta samu aikin koyar da wasanni a wata makarantar kwana, ta zo gida da tsaraba biyu daga albashinta na farko. Ta farko yadi ne ruwan toka mai laushi, irin wanda tela ke wanke hannu kafin ya taɓa. Ta biyu kuwa wani ɗan akwati ne da ake haɗawa da talabijin, wasan motsa jiki, abin da yara ke cewa gem. Ana ɗaura wata 'yar na'ura a cinya da ɗamara. In ka yi gudu a tsaye cikin falo, sai wani ɗan mutum a cikin talabijin ya ruga a madadinka. Ka tsuguna ya tsuguna, ka yi tsalle ya tsallake rami. Duk abin da ka yi ana ba ka maki, makin kuma ya wuce kai tsaye wayar Malama.

Ga kuma babban labarin. Shugaban makarantarsu na neman telan da zai ba ɗinkin kayan ɗalibai gaba ɗaya. Malama ta yi masa maganar babanta, ya ce in zangon karatu ya ƙare zai zo har gida ya ga mutumin, ya ga aikin hannunsa.

"Cikin yadin nan zai tarar da ni," in ji Injiniya, yana shafa shi a kan teburin yanka. "Kuma ba wando mai tazuge zan yi ba. Tazuge na waɗanda ba su yarda da ƙugunsu ba ne. Mai zif da maɓalli zan ɗinka, ɗamamme, da 'yar riga daidai jiki."

Mai Guga, wanda rumfarsa ke manne da shagon, ya ajiye dutsen guga ya leƙo. Siririn mutum ne, ba ya son dogon zance, amma ido gare shi. Ya nuna tumbin da haɓa.

"Injiniya, shi wannan bawan Allah fa? Ina za a ajiye shi ranar?"

"Wannan? Baƙo ne, ya kusa tafiya. Wasu sai sun je gidan motsa jiki suna ta ɗaga ƙarfe kamar 'yan dako. Ni a falona, ƙarƙashin fanka, da ilimi zan narkar da shi."

"Allah ya ba da sa'a."

"Ba sa'a ba ce, lissafi ne."

Washegari da hantsi ya ture teburin falo gefe, ya sa gajeren wando da singileti, ya ɗaure na'ura a cinya. Mahaifiyarsa, Inna, na zaune a kujerarta ta kullum kusa da taga da kofin shayi a hannu. Tsufa ya ci mata gwiwa amma bai taɓa harshenta ba. Matarsa kuwa ta tsaya a ƙofar kicin, wai tana goge faranti.

Talabijin ya kawo wani ƙato mai faffaɗan ƙirji da fararen haƙora. Shi ne Koci, mai ba da umarni, mutumin da bai san gajiya ba tunda zana shi aka yi.

"Mu fara da gudu a hankali," in ji Koci.

Injiniya ya fara. Kwanukan cikin kabad suka amsa. Hoton bango ya karkace. In ya yi sama tumbin ya yi ƙasa, in ya sauko tumbin ya yi sama, kowa da inda ya nufa. Ya yi gudun da a ganinsa ya isa ya fitar da mutum daga gari, ya ɗaga ido, sai ya ga ɗan mutumin nasa ko ƙofar filin bai wuce ba.

"Kana nan kuwa?" in ji Koci. "Ɗaga ƙafa!"

"Ina nan, ɗan rainin wayo! Makaho ne kai?"

Inna ta dafe kofinta. "Kai, wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Inna. Motsa jiki nake."

"To in ba wanda ya biyo ka, nemi wuri ka zauna mana. Kana girgiza mini shayi."

Aka zo kan tsuguno. Sauka dai ya sauka lafiya, tashin ne ya zama shari'a. Ya yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, ya bingire kan kafet. Sai da matarsa ta ajiye faranti ta kama hannunsa biyu ta ja, tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Da aka gama, Koci ya ba shi lambar yabo mai hoton kunkuru. Ba a jima ba saƙon Malama ya shigo: "Sannu da ƙoƙari, Baba. Kowa da haka yake farawa."

Wannan "kowa" ɗin ta yi masa ciwo fiye da gwiwar. Shi Injiniya guda a sa shi layin kowa?

Ya zube kan doguwar kujera yana haki, ya kwance ɗamarar, ya shiga fifita da ita don gumi ya ishe shi. Sai ya ji murya daga talabijin: "Yauwa! Haka nake so!" Ya duba. Ɗan mutumin na sassarfa. Ya tsayar da hannu, ɗan mutum ya tsaya. Ya kaɗa da ƙarfi, ɗan mutum ya zura da gudu har da tsallake gada.

Aboki, akwai irin murmushin da in ka gani a fuskar mutum ka san wata ɓarna ta samu masauki. Shi Injiniya ya yi a lokacin.

Sai dai hannu ma yana gajiya. Da kafaɗa ta fara ƙorafi, ya hau kan kujera ya ɗaure na'urar a fiffiken fankar sama, ya kunna ta har ƙarshe. Ɗan mutumin ya kama juyi a wuri ɗaya kamar mai farfaɗiya, ya faɗa kogi, ya fito, ya sake faɗawa. Koci ya ce a duba ɗamara, da alama akwai matsala. Kafin a duba, ɗamarar ta kwance kanta, na'ura ta yi fitar burgu, ta shafi ɗankwalin Inna ta wuce ta faɗa kwandon wanki.

"Yau kuma jifa ake koya?" in ji Inna. "A gaya mini in koma ɗaki."

Da wani ne, da ya tsaya nan. Injiniya kuwa kwana ya yi yana tunani, da safe ya tashi da amsa. Na'urar sama da ƙasa take so, kamar yadda cinya ke yi. Mene ne a duniya ya fi fedar keken ɗinki iya sama da ƙasa? Ya kira Mai Guga suka kinkimo tsohon kekensa daga shago zuwa falo, wai aiki ya yi yawa sai an haɗa da gida.

Ya ɗaure na'ura a jikin feda, ya zauna, ya fara takawa. Ɗan mutumin ya miƙe sambal, ƙafa na bin ƙafa, ba tuntuɓe ba haki. Koci ya rikice da murna. "Madalla! Ban taɓa ganin irinka ba!" Injiniya ya gyaɗa kai, don a nan kam ra'ayinsu ya zo ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki idon sawu ma ya fara gunaguni, sai aka shiga mataki na gaba. Keken na da ɗan injin lantarki a gefe. Duk tela ya san in za a yi aiki da inji ana cire igiyar da ta haɗa kan keke da babbar tayar ƙasa. Injiniya ya bar igiyar a wurinta. Inji ya juya kai, kai ya ja igiya, igiya ta juya taya, feda ta kama rawa ita kaɗai ba ƙafar kowa a kanta. Ya ɗora tsohon dutsen guga a kan matakin injin, wanda ake dannawa da ƙafa ya tashi, don kada ya tsaya, ya koma doguwar kujera ya miƙe, ya ɗora ƙafa kan matashi.

Matarsa ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Maigida, don Allah wa kake cuta?"

"Cuta? Wannan shi ake kira fasaha. Wa ya sayi keken?"

"Kai."

"Wa ke biyan wuta?"

"Kai."

"To gudun na wa?"

Ta ƙyale shi. Ta zauna da shi shekarun da suka isa ta san cewa in ya hau irin wannan dokin, ba a sauko da shi, sai dai dokin ya kayar da shi.

Kullum in an gama, Koci kan ce, "Ka ƙone kitse mai yawa yau. Ka ci abinci mai kyau ka mayar da ƙarfinka." A duk umarnin Koci, wannan ne kaɗai Injiniya ya bi sau da ƙafa. Burodi da ƙwai da safe, soyayyen dankali da rana, nama da lemo da yamma, tsakani kuma biskit don kada jikin ɗan wasa ya yi sanyi. In matarsa ta yi magana ya nuna talabijin ya ce ba shi ya faɗa ba, masana ne.

Lambobin yabo suka yi ta zuwa. Kunkuru ya tafi, zomo ya zo, zomo ya ba barewa wuri. Ɗan mutumin cikin talabijin, wanda aka fara zana shi da tumbi daidai na mai shi, ya shiga ramewa. Ciki ya lafe, kafaɗa ta buɗe, ƙugu ya tsuke.

Rannan Malama ta bugo waya, cike da murna. "Baba, ka wuce ni! Wallahi ka wuce ni! Na nuna wa Shugaba, ya ce ko cikin malamai ba mai yin rabin abin da kake yi. Dama hawan jininka ne ke hana ni barci, yanzu hankalina ya kwanta."

Gaskiya maganar ta taɓa shi. Ya ji kunya ta gaske, don yarinyar nan yana sonta kamar ransa. Ya dubi feda na rawa ita kaɗai. Sai ya kai lomar burodi ya kora da shayi, abin ya wuce.

To, ka san yabo in ya yi yawa har mai ƙaryar yakan fara gaskatawa. Koci na yabo, Malama na yabo, Shugaba na aiko da gaisuwa. Injiniya ya fara tafiya yana buɗe hannuwa, yana gaya wa masu kawo ɗinki cewa jikinsa ya yi sakayau. Da lokacin yanka yadi ya yi, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya zagaya tef a ƙugu. Tef ya nuna abin da bai taɓa nunawa ba, kuma ba ta wajen raguwa ba. Ya yi tsaki ya jefar da shi, ya ce zafi ya sa ya tsuke. Ya ɗauko wani. Shi ma haka.

"Duk kamfani ɗaya ne ya yi su," in ji shi.

Matarsa ta ce, "Madubin fa? Shi ma kamfanin ne?"

"Ke ba ki gane kimiyya ba. Na'ura ba ta ƙarya. Sunana ne a ciki, kitsen da aka ƙone da sunana aka ƙone shi. Ba kin san yadda ake turo kuɗi ta waya ba? Wani lokaci an tura, amma alat bai shigo ba. To ramar ma an tura ta, tana hanya. In na yanka yadin nan da awon yau, ranar da ta iso sai in koma kamar an rataye buhu a ƙusa, a gaban Shugaba."

Daga nan ya yi abin da ba a taɓa jin wani tela ya yi ba. Ya kunna talabijin, ya tsayar da ɗan mutumin cak, ya durƙusa a gabansa da tef. Ya auna tsawonsa, ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu da cinya, ya kwatanta da nasa tsawon, ya yi ta lissafi da alli a kan teburin falo har ya cika shi fari fat.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shi za ka ɗinka wa? Allah sarki. Ai ya cancanta, shi ke ta shan wahala."

"Ni ne shi, Inna."

"To ɗayanku dai ba ya cin abinci."

Ya shimfiɗa yadi ya zana. Matarsa ta dawo da lallashi. "Na ji, na yarda tana hanya. Amma ka bar 'yar rara a ɗinkin ciki, ko yatsa biyu ne. In ta makara sai a buɗe. Yadin yarinyar nan ne fa, guminta ne."

"Rara ta matsorata ce," in ji Injiniya. Ya bi gefen da almakashi ƙyas-ƙyas-ƙyas, ya share rarar tas, ya tattara ƙyallayen ya zuba a shara don kada zuciya ta raya masa wani abu.

Ɗinki kam ya fito. Layi ya miƙe, aljihu ya kwanta, wuyan riga ya zauna daram. Da aka rataye kayan, Mai Guga da ya zo gogewa sai da ya ja da baya ya ƙare musu kallo, ya ce bai taɓa ɗora dutse kan aiki mai kyan wannan ba. Bai dai tambayi na wane yaro ne ba, don yana son zaman lafiya.

Injiniya ya tara mutanen gida ya ja kunne, har Malama ya buga wa waya. "Kada wanda ya gaya wa Shugaba ni na ɗinka. Ku bar shi ya gani, ya yaba, ya tambaya da bakinsa. Sannan in ɗaga hannun nan in ce ga wanda ya yi."

Ranar zuwan baƙo ta zo, rama ba ta iso ba. Injiniya ya zura ƙafa a wando, wando ya hau lafiya har gwiwa, ya taɓa cinya ya ce nan ne tashar ƙarshe. Ya ja, ya yi tsalle-tsalle, ya roƙe shi, ya zage shi. A ƙarshe aka aika a kira Mai Guga.

Suka kwantar da shi rigingine a kan gado. Matarsa ta kama dama, Mai Guga ya kama hagu, suna ja suna hutawa kamar masu cusa katifa a riga. Da wando ya kai ƙugu, Mai Guga ya hau gado ya dafe tumbin da gwiwa.

"Fitar da numfashi, Injiniya."

"Na fitar!"

"Akwai saura, ina jin shi a ƙarƙashina."

Ya fitar har idanunsa suka yi ja. Zif ya hau da kuka, maɓalli ya shiga ramin da ƙyar. Aka yi wa rigar irin wannan yaƙin, sannan suka ɗaga shi tsaye a sanƙare kamar ƙyauren ƙofa. Tumbin da ya rasa hanya ta ƙasa ya haura sama ya taru a ƙirji. Injiniya ya dubi madubi, ya ga ƙugu ya shiga, ƙirji ya fito.

"Kun gani?" ya ce da 'yar siririyar murya. "Alat ya fara shigowa."

Da la'asar Malama ta shigo da Shugaba, wani dattijo mai tabarau da sanyin magana. Ta tsaya turus tana kallon uban.

"Baba... ka cika."

"Tsoka ce."

Aka gaisa. Shugaba ya zauna, ya ce bismillah ga wuri. Injiniya ya ce ɗan wasa ba ya yawan zama. Aka kawo shayi da kek, ya ce ɗan wasa ba ya ci tsakanin abinci. Inna ta ƙware da shayi, sai da aka bubbuga mata baya. Magana kuwa guntu-guntu yake yinta, kalma biyu ya huta, don iskar da ke cikinsa ba ta isa jimla ba. Shugaba ya ɗauka natsuwa ce, ya ce da ma matasa za su yi koyi da irin wannan kamun kai.

Can ya gyara tabarau ya ce, "Wannan yadi kuwa ya yi kyau."

Ga lokacin da Injiniya ke jira ya zo. Ya fara ɗaga hannu a hankali, gwargwadon yadda hammatar riga ta yarda. Sai Malama ta yi zumbur ta kunna talabijin.

"Baba, kafin a shiga maganar aiki, don Allah ka ɗan nuna wa Shugaba. Tun a mota yake zancen."

"A'a... kayan jikina... ba na wasa ba ne."

"Kaɗan kawai, Baba."

"Na'urar ma... ta ɓata."

"Tana nan ɗaure a ƙafar keke," in ji Inna, "inda take kwana."

Malama ta ɗaga zanen da aka rufe keken da shi, ta kwanto na'urar, ta dubi uban da alamar tambaya.

"Shanya ta nake," in ji shi. "Gumi."

Ta durƙusa ta ɗaura masa a cinya da hannunta, fuskarta cike da alfahari. Wannan fuskar ce ta hana shi gudu, ko da wandon zai bari.

Koci ya bayyana da haƙoransa. "Barka da dawowa, gwarzo! Tunda gudu ya zame maka wasan yara, yau mun kai matakin ƙarshe. Tsalle da tsuguno, ba hutu. Shirya! Tsalle!"

Injiniya ya yi tsalle. Wato ya yi niyya, kafaɗunsa suka ɗaga, amma ƙafa ba ta bar ƙasa ba. Abin da ya bar wurinsa shi ne maɓallin wando. Ya fita fit kamar an harba shi, ya daki gilashin tabaran Shugaba, ya faɗa cikin kofin shayinsa tsulum.

"Tsuguna!" in ji Koci.

Ka ce tsayawa zai yi? Ina! Idon kowa na kansa, ga Malama ta haɗa hannu a ƙirji. Ya rufe ido ya tafi ƙasa gaba ɗaya.

Ƙarar da ta biyo baya har Mai Guga ya ji daga waje. Ɓaaarrr! Wando ya rabe tun daga ƙugu ta baya, ya bi hantsa ya zagayo har gindin zif. Maɓallan riga suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, suna tsalle a kan tayil. Tumbin da aka kora sama tun rana ya sauko da kayansa ya zauna kan cinya, ya yi shimfiɗa, har da 'yar girgiza ta wanda ya dawo gida.

"Da kyau!" in ji Koci. "Riƙe haka! Kada ka tashi!"

Dama ko an ce ya tashi ba iyawa zai yi ba.

Matarsa ta fizgi zanen keke ta yafa masa ta baya, ta koma kicin da sauri, daga can aka ji wani sauti kamar ana shaƙe tukunya. Malama ta dubi keke, ta dubi dutsen gugar da ke kan matakin inji, ta dubi tumbin, lissafi ya fito mata ba tare da alli ba. Ta sunkuyar da kai.

Shugaba mutumin kirki ne, ba ya son ganin babba cikin kunya. Ya sa cokali ya tsamo maɓalli daga shayi, ya ajiye a gefen faranti, ya yi gyaran murya.

"Kada ka damu, Injiniya. Na san yadda abin yake. Babban tela ba ya samun lokacin ɗinka nasa, sai ya ba wani. Wannan ba aikinka ba ne, ko makaho ya shafa ya san ba a auna ka ba. Wane ne ya cuce ka haka? Gaya mini, don kada wata rana tsautsayi ya sa mu kai masa kayan yaranmu."

Injiniya, daga inda yake tsugune, ya ga an miƙo masa igiya. Ya kama da hannu biyu. Ga shi kuma yanzu numfashi ya dawo, jimla na fita cikakkiya.

"Ranka ya daɗe, bar shi kawai! Wani sakarai ne, ba ka san shi ba. Tela ne na bakin titi, sai cika baki, ko awo bai iya ba. An ba shi yadi mai daraja ya yi masa yankan ƙauna. Dabba ne, ranka ya daɗe, jaki da almakashi! Ni ban ma san wace uwa ce ta haifi wannan jakin ta sake shi cikin mutane ba!"

Inna ta ajiye kofinta a hankali, ta gyara ɗankwali, ta juya wajen baƙo.

"Ni ce uwar, ranka ya daɗe. Jakin kuwa ga shi nan tsugune a gabanka. A taimaka a ɗaga mini shi."